Soson Teku a Kasuwar Mallawa

Jiya da hantsi ina ɓare soso a bakin rumfa, ku kuna kan bencinku kuna jiran shayi, na ji ɗayanku yana cewa in aikin gwamnati ya ƙi samuwa shi ma soso zai kama sayarwa, tunda abu ne da ke fitowa da kansa a jikin danga. Sauran suka yi dariya. Ban tanka ba, hannuna na cikin ruwa, ga mai saye a tsaye. Yau da ba ranar kasuwa ba ce, ku gyara zama in gaya muku abin da ke cikin sana'ar nan.

Ni mutumin Bande ne. Sunana Lawali, amma daga Magarya har Dungas in ba ka ce Lawali mai soso ba, ba wanda zai gane wa kake nufi. Soso iri uku kuke gani a rumfar nan. Akwai na gona, wanda nake shukawa da kaina. Akwai na roba, wanda ake shigowa da shi daga Najeriya. Sai wancan na cikin kwalla, launin zuma, wanda ba na fito da shi sai an tambaya. Shi ne soson teku, kuma saboda shi na zama abin da na zama.

Ba a gida na koyi aikin ba. Ina saurayi na bi masu tafiya Libiya neman aikin gini, na sauka a wani gari na bakin teku. Ginin da muke yi ya tsaya, na zauna ba aiki. Wata Juma'a a bakin masallaci wani dattijo ya ji ina magana, ya juyo ya tambaye ni ɗan wane gari ne. Shi ne Baba Ilu, mutumin Yekuwa, wanda ya tsufa a can yana aiki a wani sito da ake gyaran soso. Ya roƙi maigidansa, aka ɗauke ni.

Aikin farko da aka ba ni shi ne tattaka. Masu nutso sukan kawo abin daga ƙarƙashin ruwa baƙi wuluk, da santsi kamar ɗanyar hanta. A tara shi a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu har fatarsa ta ruɓe, sannan ka cire takalmi ka hau kai kana takawa, wani ruwa kamar madara yana fita, wari kuwa har cikin tufafinka da abincinka. Da na gaji na tambayi Baba Ilu wace irin bishiya ce ke haifar wannan ƙazanta. Ya ce ba bishiya ba ce, dabba ce. Tana manne da dutse, ba ta tafiya, ba ido ba baki, ruwa kawai take zuƙa tana tace abincinta. Abin da muke wankewa mu sayar, ƙwarangwal ɗinta ne.

Ban yarda ba. Bai yi musu da ni ba, ya yanki ɗan guntu ya kyasta ashana. Ƙaurin da ya tashi shi ne dai ƙaurin da kuke ji a mahauta in ana babbaka kai da ƙafa. Ku gwada da kanku wata rana. Soson gona yana ci kamar kara, ya bar toka mai laushi. Na roba narkewa yake yana ɗiga, da baƙin hayaƙi. Na teku shi kaɗai ke ƙaurin ƙaho.

Daga nan Baba Ilu ya fara koya mini abin da ya ce shi ne tushen aikin. Ya ce ƙwarangwal ɗin dabbar nan da abu uku Allah ya gina shi, kowane iri da nasa. Wani an gina shi da dangin abin da aka yi ƙaho da jijiya da shi, in ya jiƙa sai ya yi laushi, ka matse shi ya koma yadda yake. Wannan shi ne namu. Wani an gina shi da irin abin da ke cikin ɓawon ƙwai da katantanwa, in ya bushe sai ya marmashe, in ka ɗiga masa ruwan tsami sai ya yi kumfa yana shuu. Na uku an gina shi da gilashi, ƴan allurai ƙanana da ido ba ya gani. Ruwan tsami ba ya cin su, wuta ba ta cin su. Mafi sharri kuma, in ji shi, shi ne wanda ya haɗa biyu: laushin ƙaho a hannu, allurar gilashi a ciki.

Wannan na ƙarshen bai tsaya ga faɗi ba. Ya ɗauko guda daga tarin da ake zubarwa, ya jiƙa, ya ce in goga a cikin damtsena inda fata ba ta da kauri. Na goga, ban ji komai ba, har na fara murmushi. Kafin mu gama cin abincin rana wurin ya yi ja ya tashi. Kun san ƙaiƙayin gero in ya shiga wuyan riga ranar sussuka? To, wancan wasa ne. Ya bar ni na ɗanɗana, sannan ya hana ni susa, ya shanya wurin, ya manna filasta ya ɗaye a hankali, ya sake mannawa ya ɗaye. Ya ɗaga filastar a rana ya nuna mini tana ƙyalli kamar an barbaɗa mata gishiri.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Guduma ta itace, ta bugun soso don yashi da tsakuwa su fita. Almakashi babba irin na sausayar tumaki, na gyaran baki. Masilla da igiya na jerawa a shanya. Sai bahunan ruwan tsami, kuma a nan ake gane wanda ya iya. Soso yakan zo da guntayen katantanwa a cikin ramukansa, in ba a narkar da su ba za su yanki mai wanka. Ana tsoma shi cikin ruwan asid da aka surka sosai, ya cinye katantanwar ya bar soson. In ruwan ya yi ƙarfi, ko ka bar shi ya jima, soson ma ya tafi, ka ɗaga shi ya yage kamar tsohon tsumma. Baba Ilu da kunne yake aikin. Yakan duƙa kan baho yana sauraron kumfa, in ta lafa ya ce a fitar. Na daɗe ina ɗauke masa baho kafin ya bar ni in saurara da kaina.

Abu biyu ya hana ni har abada: tafasasshen ruwa da ruwan jabel, wanda ake sa wa tufafi su yi fari. Ruwan zafi yana ƙanƙance soson teku ya taurare kamar ganda a wuta. Jabel da kanwa mai ƙarfi kuwa narkar da shi suke. Na gona akasin haka ne, don shi tsiro ne, ɗan kanwa ma fari yake ƙara masa. Har yau duk wadda ta sayi na teku a hannuna sai na maimaita mata wannan, don matanmu sun saba in abu na jariri ne a dafa shi.

Da mahaifina ya tsufa na dawo gida da buhu kaɗan da almakashina. Na san soson teku shi kaɗai ba zai ciyar da iyali a ƙasar gero ba, sai na kama garka, wato lambu, a fadamar Bande na shuka na gona. Kuma shi ma ba tsinka kawai ake yi ba kamar yadda kuka ɗauka. In ka yanke shi ɗanye, saƙarsa ba ta ƙosa ba, wanka kaɗan ya lalace. In ka bar shi ya bushe ƙarau a jikin yaɗo, ya yi baƙi ya yi kaushi, sai dai wankin tukunya. Akwai ɗan tsakani, lokacin da ɓawo ya fara rawaya, ya yi sakayau a hannu, ka girgiza ka ji iri yana motsi. Ka jiƙa, ka ɓare, ka kakkaɓe iri, ka shanya a inuwa, ka ware mai laushi daga mai kaushi, ka ɗinke bakin na wanka don kada ya warware. Na teku kuwa Baba Ilu yakan aiko mini ta hannun masu dawowa gida.

Masu sayen na teku ba su da yawa, amma ba sa zuwa wurin kowa sai ni. Dukawa suna so don shafa rini a fata, ba ya barin zane. Masu ginin tukwane suna lailaye bakin tulu da shi. Akwai wani mutumin Yekuwa da ya zo da amalanke takanas, uwarsa ta daɗe a kwance har bayanta ya fara saɓulewa, duk abin da aka goga mata sai ta yi ƙara. Na zaɓa masa mai ƙananan ramuka, na yanka masa daidai tafin hannu, na nuna masa yadda ake dannawa ba gogawa ba. Bayan ta rasu ya dawo ya ce mini a kwanakinta na ƙarshe da kanta take neman a yi mata wanka.

Babbar mai sayena ita ce Inna Hajo, ungozomar Mallawa. Rabin mutanen garin a hannunta suka faɗo. Ba ta taɓa karɓar soso ta tafi haka nan ba. Sai ta jiƙa shi, ta rufe ido, ta shafa a fatar idonta, ta tsaya jim, sannan ta ce a naɗe mata.

To, sai ga mummunar shekara. Ruwa ya yi yawa a ƙarshen damina, fadama ta cika, garkata ta nutse, yaɗon ya ruɓe tun yana fure. A shekarar kuma hanyar arewa ta lalace, masu dawowa suna dawowa da rigar jikinsu kawai, sannan labari ya zo Baba Ilu ya rasu. Kwallata ta zama wayam. Na roba kaɗai nake kasawa, wanda kowane mai tebur yana da shi. Na rage zuwa kasuwannin nesa, Mallawa ma na yi makonni ban taka ba.

Wata ranar kasuwar Dungas ina zaune sai ga mutum biyu a kan moto, wato babur. Na baya ya sauko bai yi sallama ba, ya tambaya ko ni ne Lawali mai soso. Ya ce sunansa Mamman, ƴarsa ko suna ba a yi ba, an yi mata wanka da sosona, ga ta can jikinta ya yi ja ya kumbura, ba ta barci ba ta kama nono. Mai garin Mallawa yana nemana. Mutane suka fara taruwa. Na ce masa rabona da sayar da soson teku tun kafin girbi. Ya ce wannan a gaban mai gari zan faɗa. Na bar wa maƙwabcina kaya na hau bayansu.

Da muka isa Mallawa na roƙa a fara kai ni wurin jaririyar kafin fada. Suna gidan likita, uwar na riƙe da ita a zane, Inna Hajo na gefe ta haɗa kai da gwiwa. Bayan yarinyar da cinyoyinta sun yi jawur. Majo, wato babban ma'aikacin likitar, ya riga ya ba ta maganin da zai kwantar da kumburin, amma ya ce abin ya ɗaure masa kai, bai yi kama da ƙurajen zafi ba, bai yi kama da cizon ƙwaro ba. Na ce a kawo mini soson. Da aka kawo, a ido kyakkyawa ne, a hannu laushi. Na matse shi ya bushe, na goga a baƙar hulata, na fita rana na kira majo. Hular tana walƙiya.

Na gaya masa abin da na sani da abin da aka taɓa yi mini da filasta. Ya saurara har na gama. Ya ce a lakwal, wato makarantarsu, an koya musu akwai irin wannan halitta mai allurar da aka yi da sinadarin yashi da gilashi, amma bai taɓa tsammanin zai gamu da ita a Mallawa ba. Filastar da nake nufi, in ji shi, ta yi wa fatar jariri ƙarfi, akwai wata mai taushi da suke manna wa bakwaini. Shi ya yi aikin da hannunsa, kaɗan-kaɗan, ni ina riƙe masa fitila ina nuna inda ke ƙyalli. Ya hana a shafa mata mai ko a goga komai. Kafin la'asar yarinyar ta yi shiru, ta kama nono.

Sannan muka tafi fada. A can maganar ta warware. Inna Hajo ciwon ƙafa ya hana ta zuwa kasuwa, ta aiki surukarta. Surukar ba ta same ni ba, ta sami wani mutum da buhunan soso yana cewa daga Libiya ya zo da su, irin na Lawali ne. Kafin magana ta isa gida, irin na Lawali ya koma na Lawali. Ita kuwa Inna, jin sunana, ranar ba ta gwada a idonta ba.

Aka aika aka zo da mutumin. Sunansa Sabi'u, magidanci ne da mata da ƴaƴa a wani ƙauye kusa da iyaka. An koro shi daga Libiya ba a biya shi aikinsa ba. Kafin a kwashe su ya ga abin nan teku ta watso shi a gaɓa, ya tuna an ce wani ɗan Bande ya yi arziki da shi, ya cika buhuna don kada ya shiga gida hannu biyu. Ya rantse bai san akwai wani abu a ciki ba. Na dubi hannuwansa, sun yi ja sun tsattsage har wuyan hannu. Ya ce ya ɗauka sanyin hanya ne.

Mamman ya ce a kai shi jandarma. Wasu suka ce a ƙone buhunan a kore shi daga kasuwa. Mai gari ya juyo gare ni, tunda sunana aka ɓata, ya ce me na gani.

Na ce, "Ranka ya daɗe, mutumin nan bai yi ƙarya ba, rashin sani ya yi. Ƙonawa kuma ba ta kashe gilashi, sai dai iska ta kwashi tokar ta kai wa mutane ido. A ba ni shi da kayansa. Amma a yi shela yau, duk wanda ya saya ya maido."

Mamman bai so ba. Sai da Inna Hajo ta ɗago kai ta ce masa in laifi ake nema a fara da ita, ita ce ta sa hannu a jikin ƴarsa, sannan ya zauna. Aka yi shela, aka tattaro abin da aka saya.

Washegari na ɗora Sabi'u da buhunansa a mota zuwa Magarya, na kai shi wurin masu zubin tukwanen dalma. Na san suna wahala da gogar tukunya bayan an fasa ƙasar zubi, takardar yashi tana musu tsada. Na sa babbansu ya naɗe hannu da fata, ya jiƙa soson ya goga a gindin sabuwar tukunya. Allurar da ta yi wa jaririya illa ita ce ta fito da hasken dalma kamar madubi. Suka karɓe kayan duka, na kafa musu sharaɗi a jiƙe za a yi aiki da shi, ba a bushe ba, kuma guntu ɗaya kada ya shiga gida wurin mata. Da abin da ya samu Sabi'u ya sayi hatsin da ya kai iyalinsa damina. Daga baya ya zo garkata ya yi shekara yana koyon na gona. Yanzu shi ke kai soso kasuwannin bakin iyaka, kuma ba ya cewa irin na kowa ne, da sunansa yake sayarwa.

Sunana kuwa bai wanku nan take ba. Labarin ɓaci ya riga labarin gyara isa ƙauyuka. Na yi watanni ina ganin mata suna zuwa kusa da rumfata su tsaya su wuce. Dukawa ne kawai ba su daina gaishe ni ba. Ban bi kowa ina bayani ba. Na gyara garka, na sake shuka, na nemi ɗan maigidan Baba Ilu ta bakin masu tafiya har hanya ta buɗe ya aiko mini da ɗan kaya.

Ranar da na koma kasuwar Mallawa da kwalla a cike, ban gama shimfiɗa ba sai ga Inna Hajo tana dogara sanda, matar Mamman na biye da ita da goyo. Kasuwa ta cika, mata da yawa a layinmu. Inna ta sa aka kwance yarinyar, ta ɗage mata riga a gaban kowa ta juya mini bayanta. Sumul, ko tabo babu. Yarinyar ta kama gemuna tana ja.

Na buɗe kwalla na zaɓi mafi laushi, na jiƙa na miƙa wa Inna don ta gwada a idonta yadda ta saba. Ba ta karɓa ba. Ta ɗaga murya yadda na nesa za su ji.

"Naɗe mini uku, Malam Lawali. Akwai haihuwa biyu a gabana cikin watan nan."

Na ce, "Inna, gwada dai. Ko daga hannuna ya fito, gwada."

Ta dube ni, ta karɓa, ta rufe ido ta shafa. Matan da ke tsaye suka matso suna kallo. Da ta buɗe ido ta miƙa wa ta kusa da ita, ita ma ta shafa ta miƙa wa ta gaba. Soson nan sai da ya zaga layin duka kafin ya dawo hannuna, kuma kafin azahar na ga gindin kwalla.